Batirin Motar Lantarki Da Zafin Bazara

Motocin da ba su shan fetur sun fara ratsa titunan Nassarawa a Kano, saboda haka ya kamata mu san halin batirinsu. Shi batirin litiyam ɗaruruwan ƙwayoyi ne aka jera. In ƙwaya guda ta lalace daga ciki sai ta ɗau zafi, zafin ya yi ta haihuwa, ta harbi maƙwabciyarta, har wuta ta tashi. A 2021 kamfanin General Motors na Amurka ya nemi a mayar masa da dukan motocinsa Chevrolet Bolt domin wannan haɗari.

Ma'aunin zafi kuwa a bayan ƙwaya yake, watau labari kan iso masa a makare. Abin da kan riga shi, ƙarfin lantarkin ƙwaya ɗaya ya faɗi ƙasa da na 'yan'uwanta, ko wata iska mai wari ta fito. Na'urar da ke gadin batirin ba ta daina aunawa; in ta kunna fitilar gargaɗi, lalle direba ya tsaya ya fita. Da bazara, sa'ad da zafin Kano kan wuce digiri 40, mu riƙa yin caji a inuwa, nesa da ɗakin kwana. Batirin da dutse ya buga daga ƙasa kuwa, ko da mota tana tafiya lafiya, a kai wa makanike ya duba.