Ko Ka San Rikicewar Manhaja Tana da Awo?

Ko ka san cewa rikicewar rubutun manhaja tana da awo, har ana ba ta maki? Kuma ko ka san cewa a cikin kwamfutar da ke sarrafa injin motar Camry ƙirar 2005, wadda kanikawa ke kira birenbos, an samu wani sashe guda ɗaya tak da makinsa ya kai 146, alhali mutumin da ya ƙirƙiro awon cewa ya yi kada a bari a haura 10? Duk wanda ya san yadda ake ƙirga makin nan, in ya ji 146 sai ya riƙe baki.

Wanda ya kawo awon wani masanin lissafi ne Ba'amurke mai suna Thomas McCabe, a wata maƙala da ya fitar a watan Disamba na 1976. Dabarar ba ta da wuya ko kaɗan. Manhaja jerin umarni ce da kwamfuta ke bi layi bayan layi. Muddin hanyar miƙaƙƙiya ce, ko layi dubu ne ba a ɓata. Wahala tana farawa ne a inda aka ce wa kwamfuta in abu kaza ya faru yi kaza, in bai faru ba yi wani abin. Nan hanya ta rabu biyu. Sai McCabe ya ce a ƙirga waɗannan mararrabu, a ɗora ɗaya a kai, abin da ya fito shi ne makin sashen. Shi ke nan.

Ɗauki na'urar cirar kuɗi ta banki. Ka sa kati, ta tambaya: lambar sirri daidai ce? Kuɗin da ke asusu ya kai abin da aka nema? An wuce iyakar cirar yini? Akwai takardun kuɗi a cikina? Tambaya huɗu, a ƙara ɗaya, maki 5 ke nan. Mutum zai iya riƙe wannan a kansa yana shan shayi. Amma bari a ce manaja ya zo ya ce a ƙara sharaɗi don katin wani bankin, gobe a ƙara na wanda katinsa ya kusa ƙarewa, jibi na lokacin da sabis ya ɗauke ana tsakiyar ƙirga kuɗi. Kowane ɗaya ƙaramin gyara ne, babu wanda zai ce a'a. A haka 5 ke zama 20 ba tare da kowa ya lura ba.

To ga inda abin ya fi ɗaure min kai. Maki ɗaya-ɗaya yake hawa, amma hanyoyin da kwamfuta za ta iya bi ninkawa suke yi. Jera tambayoyi 10 a bayan juna, kowacce da amsar e ko a'a, maki 11 ne kawai, amma hanyoyi 1,024 ne. In kana gwada hanya ɗaya a kowace daƙiƙa, minti 17 ya ishe ka. Mai da su 20, hanyoyi sun haura miliyan ɗaya, aikin kwana 12 ba dare ba rana. Mai da su 30, sun zarce biliyan ɗaya, wato shekara 34 kana gwaji ba ka rintsa ba. Tambaya talatin fa! Duka-duka ba su cika shafi guda ba. Wanda ya taɓa ɓacewa a lungunan cikin birnin Kano ko Zariya ya san ba nisan tafiya ke ɓatar da baƙo ba, yawan kwana ne. Shi ya sa McCabe bai ce a gwada kowace hanya ba, don ba zai yiwu ba. Cewa ya yi makin nan shi ne adadin hanyoyi masu zaman kansu da ya wajaba a gwada, waɗanda duk sauran daga haɗuwarsu suke fitowa. Mai maki 5 gwaji biyar, mai 146 gwaji 146.

Yanzu mu koma kan Camry. A 2007 wata Camry ta yi haɗari a jihar Oklahoma ta Amurka, fasinja ta rasu, matuƙiyar ta ji munanan raunuka, ta kuma ce motar ce ta ƙara wuta da kanta. Da aka je kotu a 2013, masu ƙara suka kawo wani ƙwararre, Michael Barr, wanda shi da tawagarsa aka ba su damar karanta ainihin rubutun manhajar injin. Ya shaida wa kotu cewa sassa 67 makinsu ya haura 50, matakin da ake ɗauka cewa gwada abu yadda ya kamata ya gagara. Mai 146 ɗin nan kuwa ba wani sashen gefe ba ne, shi ne mai lissafa yadda totur zai buɗe, tsawonsa kimanin layi 1,300. Masu sana'ar suna kiran irin wannan rubutu taliya, don ba ka ja zare ɗaya ba tare da sauran sun biyo ba. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ce kamfanin Toyota, mai ƙera motar, ya biya diyyar dala miliyan 3, daga nan aka sasanta. Amma a faɗi gaskiya: Toyota ta musanta cewa manhaja ce sanadi, kuma binciken da injiniyoyin hukumar NASA suka fitar a 2011 bai gano lahani a na'urorin lantarkin motocin da zai sa totur ya buɗe haka ba. Makin bai ce ga kuskure ba. Abin da ya ce shi ne, in akwai kuskure a nan, samo shi sai an sha wuya.

Wani abin daɗin kuma, lissafin da McCabe ya ɗauko ya girmi kwamfuta da shekaru ɗaruruwa. A 1736 Leonhard Euler ya zauna kan wata tambaya ta mutanen birnin Konigsberg, wanda yau ake kira Kaliningrad a Rasha: shin mutum zai iya taka gadojin garin guda bakwai, kowacce sau ɗaya tak? Euler ya watsar da taswira, ya mai da kowane yanki ɗigo, kowace gada layi, ya nuna ba zai yiwu ba. Daga nan ilimin ɗigo da layi ya samo asali. Shekara 240 bayan haka McCabe ya mai da kowane guntun umarni ɗigo, kowane tsallake layi, ya ce a cire yawan ɗigo daga yawan layi a ƙara biyu. Amsar da za ta fito ita ce dai wadda muka samu da ƙirga mararrabu. Tambayar masu yawon shan iska a bakin kogi ce ta ƙare tana auna totur.

Masu kumbon sama jannati ma suna da tasu dokar, kuma ta fi wannan sauƙi. A 2006 Gerard Holzmann na ɗakin binciken JPL da ke ƙarƙashin NASA ya fitar da ƙa'idoji goma na rubuta manhajar da rai ko dukiya mai yawa ya rataya a kanta. Ɗaya daga ciki ta ce kada sashe ya wuce abin da za a buga a takarda ɗaya, kimanin layi 60. Dalili? Don ido ya gan shi gaba ɗaya. Ido kuwa abin yaudara ne. A watan Fabrairun 2014 kamfanin Apple ya yi gaggawar gyara wani kuskure a wayoyin iPhone, inda layi ɗaya ya fito sau biyu a jere a sashen da ke tantance amincin shafukan intanet. Layin na biyu an tura shi ciki kaɗan, sai ya yi kama da yana ƙarƙashin sharaɗin da ke samansa, alhali ba ya ciki. Sakamakon haka aka riƙa tsallake wani muhimmin bincike. Layi ɗaya, a fili, kowa na kallonsa.

Sai dai kada a mai da maki alƙali. Shi kansa McCabe ya yi togaciya ga sashen da ke da dogon jerin zaɓi masu zaman kansu, irin a ce in wata na ɗaya ne rubuta Janairu, in na biyu ne Fabrairu, har zuwa Disamba. Makinsa ya wuce 10, amma yaro ma zai karanta shi. A cikin SQLite, wata ƙaramar manhajar adana bayanai da Richard Hipp ya fara a 2000, wadda ke cikin kusan kowace wayar Android da iPhone, akwai sashe guda mai dubban layuka da aka gina a kan irin wannan jeri. In maki za a bi, abin tsoro ne. Amma rubutun gwajin da aka yi wa SQLite ya ninka ita kanta manhajar ɗaruruwan sau, kuma tana cikin manhajojin da aka fi amincewa da su a duniya.

Wannan giɓi ne ya sa kamfanin SonarSource ya fito da wani awon daban, wanda Ann Campbell ta rubuta bayaninsa, mai auna wahalar fahimta maimakon wahalar gwaji. Shi dogon jerin zaɓi maki ɗaya yake ba shi gaba ɗaya. Amma sharaɗi a cikin sharaɗi a cikin wani sharaɗin, tara yake ci, kuma tarar tana ƙaruwa da zurfi, domin mai karatu dole ya riƙe duk na sama a kansa kafin ya gane na ƙasa. Tun 1977 ma Maurice Halstead ya gwada wata hanyar, ta ƙirga alamomi da sunayen da ke cikin rubutu. Kowane awo da abin da yake gani da abin da ya tsere masa.

To in an auna, sai me? Sai sake fasali, wato a gyara tsarin rubutu ba tare da an taɓa aikin da yake yi ba, abin da littafin Martin Fowler na 1999 ya yaɗa a duniya. Mai layi 300 a datsa shi gida-gida, kowane guntu a ba shi suna mai faɗin aikinsa. Sharuɗɗan ƙin amincewa a fito da su can sama, in lambar sirri ba daidai ba ce a sallami mutum nan take, maimakon a ja shi har ƙasan shafi. Abin da aka maimaita a wuri uku a mai da shi wuri ɗaya. Kuma ba duk mai babban maki ake taɓawa ba. Adam Tornhill ya ba da shawarar a haɗa makin da tarihin gyare-gyare: sashen da ya rikice amma shekara biyar ba wanda ya buɗe shi, a bar kaza cikin gashinta. Wanda ya rikice kuma kullum hannu na kansa, nan kuɗi da lokaci ke zurarewa, da shi za a fara.

Akwai kuma masu wayo. In shugaba ya ce kada maki ya wuce 10, sai su yanka sashe ɗaya gida takwas ba kai ba gindi, kowane guntu ya samu maki mai kyau, rikicin kuwa yana nan daram, sai ma ƙarin wahalar bin sawu. An gudu ba a tsira ba.

In kana koyon wannan sana'a, gwajin kyauta ne. Masu rubutu da Python suna da Radon, mai ba kowane sashe daraja daga A zuwa F, inda A ke nufin maki 1 zuwa 5, F kuma abin da ya haura 40. Masu JavaScript suna da ESLint, wanda in ka kunna masa dokar zai yi maka magana da zarar an wuce 20. Sa shi a kan aikin da ka rubuta bara, ka nemo sashen da ya fi kowanne maki. Ka fara rubuta masa gwaji tukuna, sannan ka sa masa wuƙa.