Narkewar Ƙanƙarar Girinland da Makomar Damina a Ƙasar Kauru

1.0 Gabatarwa

Manomin ƙasar Kauru, kamar takwaransa na Lere ko na Kafancan, ya san ƙanƙara. Ita ce wadda kan zubo tare da hadarin farkon damina, ta huda ganyen masara, yara su yi ta tsintarta, kafin a jima ta narke. Amma akwai wata ƙanƙarar da bai taɓa gani ba, wadda ta lulluɓe tsibirin Girinland a can ƙuryar arewacin Tekun Atlantika. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda masana ke amfani da na'urar rada wajen bin sawun ruwan da ke narkewa daga wannan ƙanƙara, sannan ta nuna cewa ruwan yana da hannu a cikin daminar da manomin Kauru ke jira kowace shekara.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Da yake Bahaushe kalma ɗaya yake da ita ga mai zubowa daga sama da mai daskarewa a ƙasa, ya kyautu a bambanta. A nan, dusar ƙanƙara ita ce mai laushi wadda ke sauka kamar auduga. Shimfiɗar ƙanƙara kuwa ita ce dusar da ta taru shekaru dubbai, ta danne kanta har ta yi tauri kamar dutse, ta rufe ƙasa sukutum. Irinta biyu suka rage a duniya, wato ta Girinland da ta Antatika. Ta Girinland faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.7, kusan ninki biyu na Nijeriya ke nan, kaurinta kuma a tsakiya ya haura kilomita 3. Rada kuma, wadda ba ta da dangantaka da raɗa, na'ura ce mai aika igiyoyin rediyo ta kuma saurari dawowarsu.

3.0 Yadda Rada Take Aiki

Duk wanda ya taɓa yin kira a tsakanin duwatsun Kauru ya san amsa-kuwwa, ya kuma san cewa gwargwadon nisan dutse, gwargwadon jinkirin amsar. Bisa wannan ƙa'ida rada take aiki, sai dai ita igiyar rediyo take aikawa maimakon murya. Wannan igiya ba ruwanta da dare, kuma gajimare da hazo ba su tare ta.

Rada ba baƙuwa ba ce a sararin samaniyar Kauru. A tsakanin 1976 da 1977, Sashen Gandun Daji na Tarayya ya sa an ɗauki hoton Nijeriya baki ɗaya da rada daga jirgin sama, a wani shiri da ake kira NIRAD, aka zana taswirorin dazuzzuka da gonaki. An zaɓi rada ne domin gajimaren damina da hazon hunturu sukan makantar da kyamara.

A kan ƙanƙara, aikinta ya fi haka ban mamaki. Busasshiyar ƙanƙara ba ta tare igiyar rediyo, sai dai ta rage mata sauri zuwa kimanin kilomita 168,000 a daƙiƙa, maimakon 300,000 da take yi a sarari. Saboda haka, idan jirgi ya aika igiya ta ratsa ƙanƙara mai kaurin kilomita 3, ta bugi dutsen da ke ƙasa, za ta kammala zuwa da dawowa a cikin ƙanƙarar cikin kashi 36 bisa miliyan na daƙiƙa. Daga wannan ɗan jinkiri ake lissafa kauri. Masana na Jami'ar Kambirij da ke Ingila, irin su Stan Evans da Gordon Robin, suna cikin waɗanda suka kafa wannan fasaha a shekarun 1960.

Ruwa kuwa nasa halin daban ne. Yakan mayar da igiya da ƙarfi fiye da dutse, fuskarsa kuma a miƙe take kamar madubi. Ta haka aka fara ganin alamar Tafkin Bostok a Antatika a shekarun 1970, aka tabbatar da girmansa a 1996: tafki mai tsawon kimanin kilomita 250, kwance a ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin kusan kilomita 4.

4.0 Ina Ruwan Yake Tafiya?

Da bazarar Girinland, fuskar ƙanƙara kan narke, ruwa ya yi ƙoramu da tafkuna. A watan Yuli na 2012, narkewar ta shafi kusan dukkan fuskar shimfiɗar cikin 'yan kwanaki. Tambayar da ke gaban masana ita ce: ina wannan ruwa yake tafiya? An gano hanyoyi uku.

Ta farko, wani yakan gangara kai tsaye zuwa teku. Ta biyu, wani yakan faɗa cikin ramuka masu kama da rijiyoyi, ya isa gindin ƙanƙara. A 2002 Jay Zwally da abokan aikinsa suka nuna cewa irin wannan ruwa yakan sa gindin ya yi santsi, ƙanƙarar ta ƙara saurin sulalewa zuwa teku a lokacin zafi.

Hanya ta uku ita ce wadda ba a zata ba. A watan Afrilu na 2011, ayarin Richard Forster na Jami'ar Yuta da ke Amurka suna haƙa a kudu maso gabashin Girinland, tun kafin lokacin narkewa ya kama, sai suka zaro gungumen dusa yana ɗigar da ruwa. Ashe ruwan bara ne ya tsuma cikin tsohuwar dusa, sabuwa ta rufe shi kamar bargo, ya wuce hunturu bai daskare ba. Misalinsa shi ne ruwan da mata kan tona su samu a ƙarƙashin yashin rafi da rani, alhali saman ya bushe ƙayau. Da aka duba bayanan rada na jiragen hukumar NASA, sai aka ga wannan ɓoyayyen ruwa ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 70,000. Aikin da zai ci dubban rijiyoyi, rada ta yi shi daga sama.

Muhimmancin sanin waɗannan hanyoyi shi ne, su ke nuna yawan ruwan da zai isa teku, da kuma lokacin da zai isa. Awon taurarin ɗan'adam tun daga 2002 ya nuna Girinland na asarar kimanin tan biliyan 270 na ƙanƙara a shekara. Da za ta narke duka, da teku ya ƙaru da kimanin mita 7.

5.0 Daga Girinland Zuwa Kauru

Mai karatu zai iya cewa wannan damuwar Legas ce da Fatakwal, domin Kauru tana tudu, nesa da gaɓa. Sai dai ruwan yana da wata hanyar isowa, wato ta sama.

A Tekun Atlantika akwai wani babban zagayen ruwa. Ruwa mai ɗumi da gishiri yakan tafi arewa, ya huce, ya yi nauyi, ya nutse, ya komo kudu ta ƙasa. Ruwan ƙanƙara ba shi da gishiri, don haka ba shi da nauyi; in ya yawaita sai ya hana nutsewar, zagayen ya raunana, arewacin tekun ya yi sanyi. Hadari kuwa ɗumi yake bi. Idan arewa ta yi sanyi, iskar damina mai tasowa daga teku ba ta yin nisa cikin ƙasa.

Tarihi ya ba da shaida. Kimanin shekaru 16,000 da suka wuce, lokacin da tarin ƙanƙara ya kwarara cikin arewacin Atlantika, yankin Sahel ya yi mummunan fari. Haka kuma, bincike ya danganta farin shekarun 1970 da 1980 da sanyin arewacin tekun in an gwada da kudancinsa, ko da yake ba narkewar ƙanƙara ce ta jawo wancan sanyi ba. A 2017 Dimitri Defrance da abokan aikinsa suka gwada da kwamfuta abin da zai faru in Girinland ta saki ruwan da zai ɗaga teku da rabin mita zuwa mita 3. Suka sami cewa damina za ta ragu ƙwarai a Afirka ta Yamma, filayen noman gero da dawa su tsuke. Wannan gwaji ne na "in da", ba duba ba ne.

Kauru ta fi Katsina da Maraɗi samun ruwa, amma wannan bai fitar da ita ba. In damina ta gajarta, masara da dawa za su ji a jika. Bugu da ƙari, farin 1973 ya nuna cewa in arewa ta bushe, makiyaya da manoma kudu suke nufa, ga shi kuwa kudancin Jihar Kaduna ya daɗe yana fama da rikici a kan gona da makiyaya.

6.0 Kammalawa

An ga yadda rada ke auna ƙanƙara ta hanyar amsa-kuwwa, da yadda ta bankaɗo ruwan da ke ɓoye a cikinta, da kuma yadda wannan ruwa ke iya taɓa iskar damina. Masu iya magana sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ashe ke nan, masanin da ke sauraron amsa-kuwwa a kan ƙanƙarar Girinland, da manomin da ke duban gabas a Kauru cikin watan Afrilu, labarin ruwa guda suke nema.