Lafiyar Yaran Aborijin a Ostireliya: Amana Kafin Magani

Aborijin su ne mutanen farko na ƙasar Ostireliya. Suna can tun dubban shekaru kafin Turawan Ingila su zauna a ƙasar a 1788. Har yau yaransu sun fi sauran yaran ƙasar fama da ciwon kunne mai zubar da ruwa, da gyambon fata, da ciwon zuciya. Magani yana nan, amma iyaye da yawa suna tsoron ƙofar asibiti.

Me ya kawo tsoron?

Daga wajen 1910 zuwa wajen 1970, hukuma ta riƙa ƙwace yaran Aborijin daga hannun iyayensu, tana kai su gidajen reno na gwamnati da na mishan, ko gidajen Turawa. Wasu ma daga asibiti aka ɗauke su. Ran 13 ga Fabrairu 2008 firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kakar da aka raba da uwarta tana iya ɓoye jikanta marar lafiya, don kada a ce an kasa riƙonsa.

Me aka yi?

A 1971 Aborijin suka buɗe asibitin kansu a unguwar Redfern ta birnin Sidni. Yanzu irinsa sun fi 140 a ƙasar, kuma jama'ar wurin ne ke zaɓen masu gudanar da su. Ƙa'idarsu ita ce: iyalin yaro ne za su faɗa ko an mutunta su, ba likita ba.

Don me ake haɗa aikin wuri ɗaya?

Ku duba misali. Ƙwayar cuta ta kama maƙogwaro ko fatar yaro. In ba a yi magani ba, sai ta jawo zazzaɓi mai kumbura gaɓoɓi, wanda ke lalata ƙofofin zuciya. Yaron da ya taɓa yin wannan zazzaɓi yana bukatar allurar fenisilin kowane mako huɗu, shekara da shekaru. Allurar tana da zafi. Ga nas a ƙauye, ga likitan zuciya a birni mai nisa, ga makaranta, kuma iyali kan yi tafiyar makoki su daɗe. In babu mai riƙe zaren, sai allura ta wuce.

Don haka ake sa ma'aikacin lafiya ɗan Aborijin ya bi yaron. Ga aikinsa:

1. Yana tambaya wa ke da ikon yanke magana a kan yaron. Sau da yawa kaka ce ko inna.
2. Yana nemo tafinta, domin a wasu gidaje Turanci ba shi ne harshen farko ba.
3. Yana haɗa ganin likitoci a rana ɗaya, ya shirya mota.
4. In iyali sun yi tafiya, yana sanar da asibitin inda suka sauka ranar allura ta gaba.
5. Yana kiyaye al'ada, kamar barin kiran sunan wanda ya rasu.

Ma'aikacin lafiya, ka lura: uwar da aka yi wa tsawa yau ba za ta dawo wata mai zuwa ba, kuma yaron ne zai rasa allurarsa. Ka fara da gaisuwa, ka saurara, sa'an nan ka buɗe kati.