Daga hasumiyar Agadas zuwa Burj Khalifa: me ke riƙe dogon gini?

Duk ɗan kasuwar da ya biyo hanyar Agadas zuwa Sabha ya ga hasumiyar babban masallacin Agadas. Ginin ƙasa ne zalla, tsayinsa mita 27. An fara gina ta wajen shekarar 1515, aka sake gina ta a 1844, kuma har yau tana nan daram. Gindinta faɗi ne da shi, tana tafiya tana tsukewa har sama. Itatuwan da suka fito daga jikinta kuwa su maginan ke takawa in za su yi mata yaɓe.

Wannan dabara ta faɗin gindi ita ce dai injiniyoyi suka bi a Dubai. Burj Khalifa, da aka buɗe a 2010, tsayinsa mita 828. Fasalinsa kamar harafin Y ne: fukafukai uku suna tokare ƙashin bayan ginin, kowanne na ja da baya yayin da ake hawa. Dalili shi ne iska. A can sama iska ta fi ƙarfi, kuma in ta tarar da bango mai faɗi ɗaya tun daga ƙasa har sama, sai ta riƙa kaɗa ginin. Sauya faɗin hawa-hawa yana wargaza ta.

Abin da ido bai gani ba ya fi muhimmanci. Ƙarƙashin ginin akwai ginshiƙan kankare 192 da aka nutsa kusan mita 50 cikin ƙasa, bisansu kuma shimfiɗar kankare mai kaurin mita 3.7. Saboda zafi, da dare ake zuba kankaren, har da ƙanƙara ake haɗawa a kwaɓin.

To, ina ruwan mai shago a Gurda ko Mahdiya da wannan? Da yawa cikinmu leburancin gini muka fara da shi a Sabha, wasu kuma kuɗi suke aikawa Kano ko Maraɗi a ɗora musu bene. Dokar kankare ɗaya ce ko'ina. Zafin Fezzan da ke wuce digiri 40 yana shanye ruwan kwaɓi kafin siminti ya kama, sai dakin ya tsattsage. Shi ya sa ake shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi. Ƙasa mai gishiri kuma tana cin rodi, ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki.

Babban haɗari shi ne a ce “ai ƙara hawa ɗaya ba komai ba ne”. Fandishon da aka yi wa gida mai hawa ɗaya ba zai ɗauki uku ba. A ranar 1 ga Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu, galibinsu ma'aikata.

Don haka, Alhaji, kafin ka tura kuɗin hawa na gaba, sa injiniya ya duba ƙasa da fandisho, ka nemi hoton rodin kafin a zuba kankare. Kai kuma ɗan'uwa lebura, in ka ga ana cire katakon dakin tun bai yi ƙwari ba, kada ka tsaya ƙarƙashinsa. Iyali na gida suna jiranka.