Fari, Gobarar Daji, da Alhakin Wanda Ya Cinna Wuta

A Hausa ba mu cewa wani ya yi gobara. Cewa muke yi gobara ta tashi, sai ka ce wata dabba ce da ke kwance ta farka don kanta. Wannan lafazi yana ɗauke wa mutum alhaki, ya jingina shi ga ƙaddara. Ita kuwa shari'a, tambayarta ita ce wa ya tashe ta.

Mafi yawan gobarar daji a ƙasashenmu hannun mutum ne mafarinta. Mafarauta kan saka wa ciyawa wuta don su koro gafiya da zomo. Makiyayi kan ƙona busasshiyar gamba don ta yi toho. Ga manomi mai sharar gona, ga mai ɗibar zuma da baƙin wutarsa. Duk waɗannan kuwa da rani suke aikinsu, musamman cikin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar arewa maso gabas ta busar da kome.

Akan ɗauka cewa fari kullum ƙara gobara yake yi, amma al'amarin bai miƙe haka ba. A can arewa, wajen Damargu da Azbin, shekarar da ruwa ya yi ƙaranci ciyawa ba ta fita sosai, wuta ba ta samun abin ci. Babbar gobara takan biyo bayan damina mai albarka. Sai dai ɗan abin da ya tsira a shekarar fari shi ne ran garke, ƙone shi kuwa kashe dabbobi ne. A kurmi abin ya sha bamban, don can fari ke busar da dajin da a da ba ya kamawa. Haka ta faru a Gana a 1983, inda wuta ta cinye gonakin koko da na abinci masu yawa, har gwamnati ta kafa dokar hana ƙunar daji a shekarar, ta kuma sabunta ta a 1990.

To, me shari'a ta ce? Malaman Malikiyya sun daɗe da warware wannan mas'ala. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, wanda alƙalanmu suka dogara da shi, an ɗora wa mutum biyan abin da ya salwanta idan ya hura wuta ranar da ake iska mai ƙarfi. A lura, ba a ce sai ya yi nufin ɓarna ba. Ko da a gonarsa ya hura ta, ko da niyyarsa kyakkyawa ce, zaɓen ranar kaɗai ya isa a kira shi mai sakaci. A ganina wannan hukunci ya dace da shekarun fari ƙwarai, gama wutar da za a iya tarewa da ganye a watan Oktoba, a watan Janairu gari guda ba ya tare ta.

Dokokin gwamnati ma ba su yi shiru ba. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sa ɓarna da wuta cikin laifuffukan da ake ɗauri a kansu. A 2011 kuma Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idoji na musamman game da ƙunar daji, waɗanda hukumar NESREA ke kula da su.

Wahalar tana wajen shaida. Wuta takan cinye sawun wanda ya cinna ta, kuma sau da yawa mai unguwa ya san yaran da suka fita farauta ran nan, amma 'ya'yan maƙwabtansa ne. Shi ya sa ƙararraki irin waɗannan kan mutu a zauren dagaci, mai rumbun da ya ƙone ya koma gida da jaje kawai.