Makarantar Tarayya Na Ƙofar Gidanmu, Amma 'Ya'yan Wa Ke Ciki?

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Yashe, bayan ya wuce Bakori da Malumfashi, zai iso Dayi, inda hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Gwarzo da Kano. A wannan gari na manoma ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ɗaya daga cikin makarantun nan da ake kira na haɗin kan ƙasa. Jihar Katsina na da irinsu guda uku: ta Daura, da ta 'yan mata a Bakori, sai wannan ta Dayi. Wato biyu daga cikin ukun suna nan yankinmu na masara da auduga, ba sai an yi doguwar tafiya ba. To amma idan aka tashi sujada ranar Lahadi a majami'unmu na ƙauye, aka tambayi iyaye mutum nawa ne ke da ɗa ko 'ya a ɗaya daga cikinsu, hannuwan da za a ɗaga ba za su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Wannan magana ce ke ta da jijiyar wuya kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito. Mun halarci tarurrukan iyaye da dama inda aka soma da addu'a da fara'a, aka ƙare kowa ya kama gabansa fuska a murtuke. Kuma abin da muka lura shi ne, sau da yawa rigimar ba ta tsaya kan jarrabawar kanta ba, takan koma kan shugaban taro: wa ya ba dama ya yi magana, wa ya katse, kuma don me ya ce a rufe zancen.

Bari mu fara da tushen abin, domin da yawa daga cikinmu muna gardama ne a kan abin da muka ji a kasuwa.

Makarantun nan sun samo asali ne tun 1966, lokacin da aka buɗe guda uku a Sakkwato da Warri da Okposi. Bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yawaita su a jihohi, da nufin yaron Arewa da na Kudu su kwana ɗaki ɗaya, su ci tuwo a kwano ɗaya, ko a samu saukin gaba. Yau sun haura 100. Hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna, ita ce ke shirya jarrabawar shiga aji ɗaya nasu. Kuma tun da manufar ita ce a haɗa 'ya'yan kowace jiha, sai aka bi ƙa'idar raba daidai da ke cikin Tsarin Mulki, sashe na 14, aka ba kowace jiha nata kaso na gurabe. Daga nan ne kowace jiha ta samu nata mafi ƙarancin maki.

A 2013 jaridu suka buga jerin makin, ƙasa ta ɗauki zafi. Cikin maki 200, ana bukatar ɗan Jihar Anambra ya ci 139, ɗan Imo 138, ɗan Legas 133. Ɗan Kaduna 91, ɗan Kano 67, ɗan Katsina 60. A Yobe kuwa maki 2 aka sa wa yara maza, a Zamfara 4. Wani babban lauya, Olisa Agbakoba, ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Legas, kuma a 2014 Mai Shari'a John Tsoho ya yanke hukunci cewa wannan bambanci ya saɓa wa sashe na 42 na Tsarin Mulki, wanda ya hana a nuna wa ɗan ƙasa wariya saboda asalinsa. Ba shi ne karo na farko ba. Tun 1988 aka shigar da shari'ar nan ta Badejo, a madadin wata yarinya 'yar Jihar Ogun da ta ci maki 293 amma ba a kira ta ganawa ba, alhali an kira waɗanda ba su kai ta ba daga wasu jihohi. Sai a 1996 Kotun Ƙoli ta rufe maganar, bisa dalilin cewa lokaci ya riga ya wuce, an daɗe da gama ɗaukar ɗaliban wannan shekara. Shekara takwas ke nan. Yarinyar da ta nemi aji ɗaya ta riga ta isa shiga jami'a. A shekarun da suka biyo bayan hukuncin 2014, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta riƙa bayyana cewa kashi 60 cikin 100 na gurabe na waɗanda suka fi ƙoƙari ne, kashi 30 na raba daidai tsakanin jihohi, kashi 10 kuma na wasu larurori.

To, mai karatu zai ce, ai mu Katsinawa mu ne muka ci riba, me ya kawo kuka? A nan ne maganar ta shigo cikin Ikilisiya, ta zauna a benci.

A Funtuwa da Malumfashi muna sujada tare da 'yan'uwa Ibo da Yarbawa da mutanen Binuwai da Filato, waɗanda wasunsu nan aka haife su, nan suka yi aure, nan suke biyan haraji da zakkarsu. Ɗan irin wannan mutum ya tashi a Funtuwa, Hausa ce a bakinsa fiye da yaren kakansa, benci ɗaya yake zama da ɗanmu, malami ɗaya ke koya musu, idan malamin bai zo ba tare suke asara. Amma ranar raba gurabe ba a tambayi inda ya yi karatu ba, asalin ubansa aka tambaya. Bisa lissafin 2013, idan yaran nan biyu suka ci maki 100 kowanne, namu ya wuce da rarar 40, nasu kuwa, in asalin ubansa Anambra ne, ya gaza da 39. Uban da ya tashi a taro ya faɗi wannan ba ƙarya ya yi ba, kuma ba rashin ƙauna ce ta sa shi magana ba.

Sai manomi daga ƙauye shi ma ya miƙe, ya ce shi wannan maki 60 da ake yi masa gori a kai bai taɓa ganin amfaninsa ba. Shi ma gaskiya ya faɗa. Gurbin Katsina na duk mai takardar shaidar ɗan asalin jiha ne, ko yana zaune a Abuja, ko Kaduna, ko cikin birnin Katsina. Ɗan babban ma'aikaci da ya yi firamare mai zaman kanta, da malamin darasi na zuwa masa gida da yamma, da littattafan tambayoyin shekarun baya jibge a kan tebur, shi ma ɗan Katsina ne. Da shi ɗan manomin zai yi takara. Yaron da ajinsu ya haura mutum ɗari, wanda a aji shida bai iya karanta jimla ɗaya ta Turanci ba tare da in'ina ba, ga shi jarrabawar duk da Turanci ake yin ta, har da tambayoyin gwada kaifin basira da bai taɓa cin karo da irinsu ba. Akwai ma yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka ga takardar amsa irin wadda ake cike ƙananan gurabe da fensir. Yaro ya san amsa, ya cike layin da ba shi ba, shi ke nan an gama da shi.

Ga kuma lokacin da ake yin ta. Jarrabawar takan faɗo ne tsakanin ƙarshen rani da farkon damina, daidai lokacin da ake sharar gona da kai taki da shuka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin auduga da waken suya sun daɗe da ƙarewa. Rajista kuma ta intanet ake yi, sai an je gari, an biya kuɗin fom, an biya mai kwamfuta, an ɗauki hoto. Saboda haka yawancin 'ya'yanmu ba faɗuwa suke yi ba, ba su ma shiga ba ne. Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai: a 2018 Ma'aikatar Ilimi ta koka cewa yara 28 kacal suka yi rajista daga Zamfara, 50 daga Kebbi, alhali Legas na da fiye da 20,000. Idan mutum 28 ne suka nemi guraben jiha guda, dole makin ya faɗi ƙasa warwas. Ƙarancin makin ba shaida ba ce cewa yaran Arewa ba su da kai. Shaida ce cewa ba a kawo su ɗakin jarrabawa ba.

Akwai wani ƙorafi na uku da akan yi ƙasa-ƙasa da murya. Wasu daga cikinmu Hausawa Masihiyawa, waɗanda kakanninsu a wannan ƙasa aka binne su, sun sha faɗa mana cewa idan suka je neman takardar asali, da zarar an ga suna Bulus ko Rifkatu sai tambayoyi su yawaita, a ce a dawo gobe. Wasu sun samu ba tare da wahala ba, wannan ma dole mu faɗa. Amma wanda aka juya sau uku, har rajista ta rufe, ba za a hana shi jin zafi ba. Kuma kada mu manta da tsoro. Tun da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, aka sake yin irin haka a kwalejin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, akwai iyaye mata da ko kyauta aka ba su gurbi a makarantar kwana sai sun yi dogon tunani.

Yanzu mu dawo ga shugaban taro. Mun ga dattijo mai mutunci, da ya ga murya ta fara tashi, ya ɗaga hannu ya ce wannan siyasa ce, ba a yin ta a gidan Ubangiji, a rera waƙa a tashi. Mun san niyyarsa mai kyau ce. Yana gudun a raba Ikilisiya gida biyu, 'yan ƙasa da baƙi. Amma a ganinmu kuskure ne. Maganar da aka hana a cikin majami'a ba ta mutuwa, takan fita ƙarƙashin bishiyar darbejiya, inda babu shugaba, babu addu'a, kowa ya tara masu ra'ayinsa. Mun kuma ga akasin haka, inda shugaba ya bar masu Turanci da masu kuɗi suka cinye lokaci, gwauruwar da ta ɗaga hannu tun farko ba a kai kanta ba. Wani lokaci ma da Turanci ake gudanar da taron, wai don baƙi su ji, sai rabin iyayen su zauna kamar 'yan kallo a zancen 'ya'yansu.

Masu karanta Littafi Mai Tsarki za su tuna cewa irin wannan ya taɓa faruwa a Urushalima. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu bi da ke jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na kullum. Magana ce ta rabo da ta asali, sak irin tamu. Manzanni ba su ce a yi shiru ba. Sun tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai amintattu su riƙe aikin, kuma duk bakwai ɗin da aka zaɓa sunayen Helenanci gare su, wato daga ɓangaren masu kuka aka ɗauko masu rabo. Da shugabannin tarurrukanmu za su yi koyi da wannan, da sai a ce wanda zai jagoranci zaman kada ya kasance yana da ɗa a aji shida a wannan shekara, a ba kowa minti daidai, a yi magana da Hausa a fassara wa wanda bai ji ba, kuma sakatare ya rubuta ƙorafin kowa, har wanda bai yi wa dattawa daɗi ba.

Game da ita ƙa'idar kanta, ra'ayinmu shi ne ba mu goyi bayan a soke rabon ba, domin in aka sa ma'auni ɗaya yau tsakanin firamaren Legas da ta ƙauyen Dayi, to makarantar da ke ƙasarmu za ta cika da 'ya'yan wasu, manufar haɗin kai kuma ta rushe. Amma ma'aunin da ake amfani da shi ya karkace. Abin da ya hana yaro ƙoƙari ba jinin kakansa ba ne, makarantar da ya zauna ce. Da a ce ana duba inda yaro ya yi firamarensa, da ɗan ɗan'uwanmu na Funtuwa ya samu adalci, da kuma ɗan manomi ya daina takara da ɗan Abuja a gurbi ɗaya. Wannan magana ce da ya kamata shugabanninmu na Ikilisiya su kai wa wakilanmu a Majalisar Tarayya a rubuce, tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama ɗan manomin Musulmi na Dayi ciwonsa ɗaya da namu.

Wani abu kuma da ba za mu rufe ido a kansa ba. Akwai iyaye a cikinmu da suka gaji da jira, suka bi ta bayan gida: a biya wani ya shigar da amsa, ko a sayi takardar asalin wata jiha mai ƙarancin maki. Dokar soja ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa, an kuma sake yin wata doka a kan haka a 1999. Amma ko da babu doka, mutumin da ya tashi a taro yana kukan an zalunci ɗansa, alhali shi ma ya sayi gurbin ɗan wani, ba mu san da wane baki zai yi addu'ar rufe taron ba.

Kafin Abuja ta ji kukanmu akwai abin da ke hannunmu. Kusan kowace majami'a a wannan yanki tana da malamin makaranta ko ɗalibin kwalejin ilimi, kuma ginin majami'a a rufe yake ranar Asabar da safe. Sa'a biyu a mako, daga bayan Kirsimeti har zuwa jarrabawa, sun isa yaro ya saba da fasalin tambayoyi da yadda ake cike takardar amsa. Lokacin godiyar kaka, sa'ad da masara ke cike da ƙofar majami'a, buhu ɗaya da aka keɓe zai biya wa yara da dama kuɗin fom. Zumuntar Mata sun fi kowa sanin gidan da ke da yarinya a aji shida wadda ake shirin cire ta. Takardar haihuwa da ta asali kuwa a neme su tun yaro na aji biyar, a je a ƙungiyance tare da Fasto ko mai unguwa, kada a bari sai ana saura mako guda. Wanda kuma ya rasa shiga aji ɗaya kada ya yanke ƙauna daga kwalejin Dayi, domin hukumar NABTEB tana shirya wata jarrabawar ta shiga ɓangaren koyon sana'a ga waɗanda suka gama aji uku na ƙaramar sakandare. Iyaye da yawa da muka zanta da su ba su taɓa jin labarin wannan ƙofa ta biyu ba.

A taron iyaye na gaba, muna roƙon a fara da tambayar hedimasta abu ɗaya kafin a shiga zancen Anambra da Zamfara: yara nawa ne suka gama aji shida bara a makarantarsa, kuma nawa ne daga cikinsu aka yi wa rajista.