Wace Raga Ce Ke Jure Ranar Yamai?

A Yamai, rana ta fi tsuntsu cin raga. Zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, shi ya sa tsohon gidan sauron da masu lambu ke shimfiɗawa kan yabanya yake ruɓewa da wuri, ka taɓa shi ya yage.

Mai kiwon kaji ko zabi, ragar waya ta fi masa, wadda ba ta saurin tsatsa. A rufe har sama, don shirwa ta sama take sauko wa 'yan tsaki.

Tsuntsun jan-baki kuwa, mai addabar shinkafar unguwar Saga, sai raga mai ƙananan idanu. In ka shiga kasuwar Katako, ja ragar da hannu ka duba ƙullinta kafin ka biya.